Waƙata a Bakin Malama

Tun ban yi aure ba nake ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu a nan Sakkwato. Ni ke bayarwa, mata su amsa. Ba wanda ya naɗa ni, murya ce ta tsayar da ni a gaba, kuma ta riƙe ni a wurin har na yi jikoki. In aure ne ni ce, in jana'iza ce ni ce, in Bishof zai zo shugabar mata takan biyo ta rumfata tun farkon mako ta ce in rage shan ruwan ƙanƙara. Na fara da wannan ne don a san abin da nake riƙe da shi, domin in ka cire shi ba ni da wani abin taƙama. Mijina ya rasu, gidanmu na Runjin Sambo ɗaki biyu ne da zaure, sana'ata kuma masa ce.

Rumfar masata tana bakin ƙofar makarantar Katolika, wadda ni ma a cikinta na yi firamare. Daga inda nake zaune gaban tanda ina ganin komai. Cocin yana da 'yar tazara, sai an tsallake babban titi, don haka ranar Laraba da safe Fada, limamin cocinmu, yakan zo ya yi wa yara addu'ar Mas a cikin aji. A ture bencinan yara jikin bango, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin malami ya zama bagade. Ajin ba ya ɗaukarsu. Sauran su tsaya a waje rana tana dukan ƙeyarsu, kuma wanda ya san bazarar Sakkwato ya san ba abin wasa ba ne. In an tashi tara kuma, duka yaran, namu da na maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suke da yawa a makarantar, sai su jeru jikin katanga suna bin 'yar inuwar da ta rage, kowa da kwanonsa a gwiwa. Banɗakin 'yan mata kuwa gara kada in yi maganarsa.

Sista ce shugabar makarantar, wata gajeruwa mai saurin tafiya wadda ta koyi Hausa a bakin yara. Wata Lahadi bayan Mas ta tsaya gaban jama'a ta ce abin ya ishe ta haka. Za a gina wa yara ɗakin addu'a nasu a cikin makaranta, da babban ɗakin cin abinci, da banɗakuna. Ta ce ba ta da ko sisi, amma tana da mu. Maza suka kafa kwamiti nan take, su dama kwamiti ba ya yi musu wuya. Mu mata namu aikin a sane yake tun zamanin iyayenmu. Mukan sa anko mu bi coci-coci, kowace Lahadi wani wuri, bayan Mas a ajiye babban daro gaban bagade, mu yi waƙa, mutane su taso da rawa suna jefa kuɗin baiko. Daga ƙarshe a yi babban taro a filin makaranta, a ƙaddamar da gidauniya, Bishof ya sa wa wurin ginin albarka. Tun Sista ba ta sauka ba na riga na ga kaina a tsakiyar filin nan ranar, makirfo a hannuna.

Waƙar ta zo mini ne a gaban tanda, ina juya masa ina kallon yaran nan a rana. Ba zama na yi na tsara ta ba. Na ji bakina yana cewa, "Uwa, ɗauko bulonki, ɗiyanmu suna rana," sai amshin ya biyo da kansa, "Mu gina masu inuwa, Ubangiji na gani." Na yini ina maimaitawa har na ƙona masar wani malami. Kafin Asabar na ƙara mata baitoci, na iyaye maza, na 'yan kasuwa, na masu albashi, har da na wanda ba shi da komai sai hannun ɗaukar yashi.

Ranar Asabar da yamma muke gwajin waƙa a harabar coci. Na koya wa mata, kuma na koya musu yadda nake so. Ni ina da salona. In na zo ƙarshen baiti, wajen "rana" ɗin nan, nakan ja murya, in riƙe ta, in lanƙwasa ta a hankali har sai na ji wurin ya yi tsit, mai kaɗa mana tulu ita ma ta sassauta hannu, sannan in sake, mata su shigo da amshi. Na sha gaya musu cewa a cikin wannan jan ne zuciyar mutum take laushi, a nan ne hannu yake tafiya aljihu. Mai tulu ƙawata ce tun muna yara, daga Unguwar Rogo take zuwa, kuma ta san numfashina fiye da yadda na san shi. Muka fita Lahadi ta farko, muka cika kekuna masu ƙafa uku da ankonmu ruwan ganye, muka yi waƙa a wani ƙaramin coci da ke bayan gari. Na ga wata tsohuwa tana kwance bakin zaninta tana hawaye. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Haka muka yi ta yi har damina ta faɗi, sai mura ta kama ni, irin mai shaƙe maƙogwaro. Na wayi gari Asabar murya ta tafi, in na buɗe baki sai wani abu ya fito kamar ƙofar langa-langa. Ga shi gobe za mu babban coci na cikin gari, inda masu hannu da shuni suke. Shugabar mata ta zo ta same ni da zani a wuya, ta tambaye ni wa zai riƙe mini. Ni da bakina na ce Malama.

Malama ɗiyata ce ta baftisma. Ni na riƙe ta a gaban Fada tana jaririya, uwarta aminiyata ce, kuma da uwar ta koma wajen Zuru a hannuna yarinyar ta ƙarasa sakandare. Ta je kwalejin horon malamai ta dawo, Sista ta ɗauke ta tana koyar da 'yan aji biyu, shi ya sa kowa yake ce mata Malama, har ni. A zumunta can baya take tsayawa da kacau-kacau a hannu. Na zaɓe ta ne don na san ta iya baitocin, tana jin su a gidana kullum, kuma gaskiya don na san ba ta da ido a kan wurina. Da aka gaya mata sai da ta yi kamar za ta yi kuka. Na ce ta je, Lahadi ɗaya ce.

Sun dawo da la'asar. Ina kwance a zaure na ji hayaniyarsu tun daga bakin layi, suna tafe suna shewa kamar masu rakiyar amarya. Suka cika mini gida. Wannan ta ce daro ya cika an kawo na biyu, waccan ta ce Fadan can da kansa ya sauko yana rawa, wata ta ce har mawaƙan cocin sun roƙi a maimaita. Na yi ta murmushi ina gyaɗa kai, tunda dai ba murya. Malama tana rakuɓe jikin ƙofa tana wasa da gefen ɗankwalinta. Mai tulu kaɗai ce ba ta shiga shewar ba, ta zauna kusa da ni tana matsa yatsunta, ta ce hannunta ya gaji yau. Da na tambaye ta da ido, sai ta ce yarinyar tana da sauri.

Lahadi ta gaba murya ba ta gama dawowa ba, amma na ce sai na je. Na tsaya a sahun baya, wurin da ban taɓa tsayawa ba, na ji waƙata a bakin wata. Ba ta canja ko kalma ɗaya ba. Abin da ta yi kawai, ba ta ja. Tana kaiwa "rana" sai ta datse, mata su faɗo a kai nan take, tulu ya ɗauki wuta, baiti na bin baiti ba wurin numfashi. Waƙar da na yi don a ji tausayi ta koma ta rawa. Kuma mutane suka taso. Wallahi suka taso, maza da manyan riguna, 'yan mata, tsofaffi da sanduna, wanda ya jefa ya koma ya sake biyo layi don kawai ya ƙara takawa. Muryarta siririya ce mai tsabta, ba ta kai tawa kauri ba, amma tana hawa lasifika kamar don ita aka yi shi. Ina tsaye ina tafi tare da kowa. Amma kishi ne ya kama ni, ba sai an gaya mini ba, na san shi da na ji shi.

Da ma a ce yarinyar ta yi girman kai, da na sami abin kamawa. Ina! Washegari da sassafe ga ta a rumfata kafin a buga ƙararrawa, da zuma a 'yar kwalba da citta da kanumfari a ƙulle, wai in dinga sha don murya ta dawo da wuri, ita ta gaji da tsayuwa a gaba, gabanta faɗuwa yake yi. Ta durƙusa ta gyara mini itacen murhu. Na dube ta, na ji kamar in kifa mata ƙullun masar a ka. Na karɓi zumar na ce Allah ya yi albarka, kuma na sha, don ina son muryata.

Murya ta dawo tas. Na koma gaba ranar Asabar, na ba da waƙa, mata suka amsa yadda na koya musu, amma na lura ƙafafunsu suna motsi tun ban saki ba, kamar awakin da aka ɗaure ana raba dusa. Bayan an tashi shugaba ta ja ni gefe. Ta fara da yabona, ta daɗe tana yabo, har na san akwai magana. Sai ta ce cocin da za mu je gobe sun aiko musamman suna tambaya ko mai waƙar bulo za ta zo. Na ce ga ni ai. Ta yi 'yar dariya ta ce Malama suke nufi. Ta ce me zai hana mu dinga karɓa-karɓa, wannan mako ni, wancan ita, tunda duk aikin Ubangiji ne.

Muka yi karɓa-karɓar. Ba wanda ya taɓa cewa darona bai kai nata ba, amma ina da ido. Ranar da nake bayarwa mutane sukan saurara, su yi shiru, wasu su share ido, su zo a natse su jefa su koma. Ranar da take bayarwa sai an roƙi mutane su zauna. Ma'ajin kwamitin maza, wanda bai taɓa sanin ana gwajin waƙa ba, ya fara leƙowa ranar Asabar yana tambayar wa ke da gobe. In aka ce ni ce sai ya ce to madalla, da wata irin murya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan. Ban san ranar da aka fara ba, na dai farga kowa yana cewa waƙar Malama. Yara a layin masa suna rera ta da saurin nan nata. Wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko ni daga kasuwa yana da ita a waya, wani ya ɗauka a coci ya yaɗa, ya ce mini wai wata malamar makaranta ce ta yi ta. Har matar maƙwabcina mahauci, Musulma, wadda 'ya'yanta uku suke makarantar, ta leƙo ta katanga ta ce in gaya wa ɗiyata waƙarta ta hana su sakat a gida, kuma maigidan ya ce zai ba da rago ranar taro saboda ɗakin cin abincin yara. Na ce mata ni na yi waƙar. Ta ce, "Ayya, ashe ke kinka taya ta," ta koma wankinta.

Na kai ƙara wurin shugaba, raina a ɓace. Ta saurare ni sannan ta tuna mini da abin da ni ma na sani, cewa a zumunta ba a cewa waƙar wance. In ka kawo waƙa mata suka koyi amshi, ta zama ta kowa, ta zama ta Ubangiji. Haka muka taras, kuma ni kaina ina rera waƙoƙin da ban san wa ya yi su ba. Na ce na yarda.

"To in ta Ubangiji ce," na ce mata, "mi ya sa ba a ce waƙar Ubangiji? Mi ya sa anka ce ta Malama?"

Sai ta ce in yi haƙuri, in yi addu'a a kai. Na yi addu'ar kuwa. Na durƙusa gaban Uwa Maryamu na ce ta cire mini wannan abu daga zuciya, na tashi da shi yadda na durƙusa.

Duk da haka ban taɓa shakkar babban taro ba. Na ce a raina coci-coci daban, filin makaranta daban. A nan kowa ya san ni, a nan na yi waƙar, daga rumfata ana hangen inda za a haƙa harsashi. Na kai ankona wurin tela aka sake masa hannu. Na daina shan ko ruwan randa mai sanyi.

Ana saura kwanaki kaɗan, ina tankaɗe da yamma, sai ga sallama. Sista ce da shugaba da wasu manyan mata biyu, shugaba tana rungume da leda. Tun da na ga Sista a gidana, matar da ba ta da lokacin zama ko a ofishinta, na san ba banza ba. Na shimfiɗa musu tabarma. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, sannan shugaba ta buɗe ledar ta fito da leshi fari mai tsada da ashoke na ɗauri, ta ajiye a gabana da hannu biyu. Sista ta ce kwamiti da zumunta sun zauna, sun ga babu wadda ta cancanci zama uwar taro sai ni. Zan zauna a babban tebur kusa da Bishof, za a kira ni a lasifika, za a faɗi shekarun da na yi ina hidima.

Wanda ba namu ba zai ce girma aka ba ni, kuma girman ne. Amma mu mun san me leshin nan yake nufi. Uwar taro ba ta sa anko, ba ta tsayawa cikin mata, ba ta ba da waƙa. Kuma ban taɓa ganin wadda aka zaunar a kujerar nan ta koma gaban zumunta ba. Haka aka yi wa wadda ta riga ni, da leshi ruwan hoda. Ba a korar mutum a wurinmu, kujera ake ba shi.

Na tambaya wa zai ba da waƙa, ko da yake na sani. Sista ta ce Malama, kuma ta faɗa kai tsaye tana kallona, ita ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce manyan baƙi za su zo daga nesa, dama ɗaya ce, kuma tana son rufi a kan yaran nan kafin wata bazarar. Me zan ce? In ce a bar yara a rana don in riƙe makirfo? Na sa hannu na shafa leshin na ce na gode. Da suka fita na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

Malama ta zo washegari bayan an tashi makaranta, ina wanke tanda. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce wallahi ba ita ta nema ba, ta ma je wurin Sista ta roƙa a bar mini, aka ƙi. Na ci gaba da goge tanda kamar ban ji ba. Ta ce duk inda aka tambaye ta tana faɗa cewa Mama ce ta yi waƙar, mutane ne ba sa riƙewa. Wannan ma gaskiya ne, na taɓa jin ta da kunnena, kuma bai rage mini komai ba.

"Mama, in kin ce kar in yi, ba ni yi," in ji ta.

Na ɗago na dube ta. Idonta ya cika da hawaye, kuma na san da gaske take. Da na ce kar ta yi, da ta zauna a gida ranar. Na ji daɗin sanin haka, daɗi mara kyau, na ɗan riƙe shi a baki kafin in yi magana.

"Tashi ki tai ki yi," na ce. "Amma wagga waƙa ba gudu aka yi da ita ba. Ki dinga numfashi."

Ta ce to. Ta ɗauki bokiti ta ɗebo mini ruwa kafin ta tafi.

Ranar taro filin makaranta ya cika tun hantsi. An kafa rumfuna, an ja farar ƙasa a inda ɗakin addu'a zai zauna da inda ɗakin cin abinci zai zauna, yara sun jeru da kayan makaranta a goge. Iyaye Musulmi suna rumfarsu ta gefen dama, maƙwabcina mahauci a gaba da ragonsa an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Na sa leshin. Ya yi mini kyau, ba zan yi ƙarya ba, ɗaurin ma ya zauna. Aka kira ni a lasifika, aka tafa, aka raka ni babban tebur, aka zaunar da ni tsakanin matar shugaban kwamiti da wani babban baƙo mai gilashi da ya zo daga Abuja. Daga nan ina hangen matanmu a tsaye cikin ruwan ganye, an bar gurbina a gaba, Malama ta ɗan tsaya gefe da shi kamar mai tsoron taka wani abu.

Bishof ya yi addu'a ya yayyafa ruwa a kan farar ƙasar. Aka yi jawabai masu tsawo, aka yi gwanjon kaya, ragon mahauci aka saye shi aka mayar aka sake saye har ya gaji ya kwanta. Sannan aka ajiye daruna a tsakiyar fili, mai tulu ta buga, Malama ta ɗaga murya. A baitin farko ta yi ƙoƙarin ja, na ji ta, ta tuna maganata. Amma mata suka shigo, ita ma ta bi su, shi ke nan waƙa ta kama gudu. Fili ya tashi. Ƙura ta tashi, 'yan makaranta suka ɓalle daga layi, Sista da kanta tana juyi da farar rigarta, baƙon da ke kusa da ni yana buga tebur da yatsu. Ni ina zaune da mafici, bakina yana bin baitocin ba sauti.

Ban ankara ba sai na ga Malama ta baro gaban mata tana tahowa da rawa, tana jan wayar makirfo, har gaban babban tebur. Ta durƙusa a cikin ƙurar nan. Ta faɗa a lasifika, kowa yana ji, cewa ga wadda ta yi waƙar nan, uwarta ce, a gaban tanda ta yi ta. Sannan ta miƙo mini makirfo da hannu biyu. Aka yi guɗa. Ba a taɓa yin haka ba, na ga shugaba ta buɗe baki tana kallon Sista. Ni kuwa ban tsaya neman izinin kowa ba. Na miƙe, na zagayo tebur da leshina, na karɓa.

Muryata ba ta taɓa fita kamar ranar ba. Na ɗauko baitin farko daga ƙasan ciki, na ji ya cika filin har katangar baya. Na kai "rana", na kama ta, na fara ja. Ban kai ko rabi ba mata suka faɗo da amshi. Duka, da ƙarfinsu, da murnarsu, matan da suka yi shekara da shekaru suna jiran numfashina. Suka hau kan muryata suka wuce, ni ina nan a baya riƙe da "rana" ni kaɗai, lasifika yana yaɗa ta a kan amshinsu kamar kukan wanda aka bari a tasha. Mai tulu kaɗai ce ta jira ni. Ta sassauta hannu yadda muka saba, sai kiɗa ya rabu da waƙa, masu rawa suka yi tuntuɓe suna waige.

Na ce a raina kuskure ne, za su gyara. Na ba da baiti na biyu, na ja, suka sake shigowa. Ba da gangan suke yi ba, na ga fuskokinsu, murmushi suke yi mini, wasu suna ɗago mini hannu. Ƙafarsu ce ta riga ta koyi wani abu. Malama ta juya tana yi musu alama da hannu su dakata, su jira Mama, sai rabi suka tsaya rabi suka ci gaba, amshi ya watse. Layin masu zuwa daro ya tsaya cak, mutane riƙe da kuɗi a hannu ba su san da wace ƙafa za su taka ba. Na hangi Sista ta daina juyi tana kallon darunan.

Baiti na uku ban ja ba. Na datse shi yadda take yi, mata suka faɗo daidai, tulu ya kama, layi ya motsa. Na ba da na huɗu haka nan, a guje, kamar mai karanta saƙon wani. Sannan na sa wa Malama makirfo a hannu, na dafa kanta don jama'a su gani, na koma kujerata. Aka tafa mini sosai.

Ina zama baƙon nan mai gilashi ya sunkuyo wajena, fuskarsa cike da kirki. Hayaniya ta hana shi jin abin da Malama ta faɗa, ko kuma bai kula ba.

"Mama, kin yi ƙoƙari ƙwarai," ya ce. "Waƙar ce da wuya, sauri take so. Amma daga ƙarshe ai kin kama ta. In yarinyar ta ƙara bi da ke sau biyu, shi ke nan kin iya."

Na ce masa na gode. Ya tashi ya shiga layi da rawarsa, ni kuma na gyara ɗaurina na zauna, don uwar taro ba ta tashi sai an tashi taro.